Yadda Ake Tallata Zumar Yanki Ɗaya, Mataki Bayan Mataki

Duk wanda ya taɓa tsayawa sayar da zuma ya san tambayar da ke fara fitowa daga bakin mai saye. Kafin ya tambayi kuɗi sai ya ɗaga kwalbar ya karkata ta, sannan ya ce, "Ta gaskiya ce kuwa?" Kuma yana da hujjarsa. A watan Maris na 2023 Hukumar Tarayyar Turai ta fitar da sakamakon binciken da ta yi kan zumar da ake shigar da ita ƙasashenta. Cikin samfura 320 da aka gwada, kashi 46 cikin 100 an zarge su da algus, akasari sirki da ruwan sukari. Abin ya kai ga Apimondia, ƙungiyar masu kiwon zuma ta duniya, ta janye gasar zuma daga babban taronta na 2025 a Kofenhagen, saboda ba ta da tabbacin za ta iya tantance ta ƙwarai daga jabu.

Wannan rashin yarda da ya cika kasuwa shi ne ƙofar ƙaramin kamfani. Manyan kamfanoni suna tara zuma daga wurare barkatai, su haɗa, su ɗumama, su tace, ta fito launi ɗaya da ɗanɗano ɗaya kullum, ga araha. Ba za ka iya ja da su a farashi ba, kada ma ka fara. Amma kai kana iya nuna dajin, ka nuna amyar, ka faɗi watan da aka ɗebo zumar da wanda ya ɗebo ta. Su ba za su iya ba. A kan wannan kaɗai za ka gina tallarka, kuma duk abin da za ka faɗa ya kasance kana da shaidarsa a hannu. Ko kai ne mai zumar, ko ɗaukar ka aka yi ka yi mata talla, ga yadda aikin ke tafiya.

Mataki na farko: ƙidaya zumar kafin ka buɗe baki

Zauna da biro da takarda. Amya nawa ce? Masu kiwo nawa ne ke kawo muku, kuma nawa ne cikinsu za su ci gaba da kawowa ko da wani ya zo ya ƙara musu kuɗi? Sau nawa ake ɗiba a shekara? Kilo nawa aka samu bara, nawa aka samu bara waccan? Ɗauki shekarar da ta fi ƙaranci ka yi lissafi da ita, domin ƙudan zuma ba ya aiki da alƙawarin da ka yi wa kanti.

A ce kilo 2,000 ne. Idan kwalbar rabin kilo ce, kwalabe 4,000 ke nan, wato ɗari uku da 'yan kai a wata. Wannan adadi shi zai gaya maka girman tallar da ta dace da kai. Mai kwalba ɗari uku a wata ba ya buƙatar allon talla a babban titi. Masu saye 'yan ɗaruruwa yake buƙata, waɗanda za su riƙa dawowa.

Na dage a kan wannan ne don a nan kamfanonin kirki ke faɗuwa. Talla ta karɓu, waya tana ta ƙara, zuma ta ƙare, sai wani ya zo da durom cike, da araha, ba a san daga ina ba. A ce bari a cike gurbi sau ɗaya kawai. Daga ranar, sunan yankin da ke jikin kwalbarka ya zama ƙarya.

Ka kuma tabbatar ba a zuba ɗiban farko da na ƙarshe a durom ɗaya ba. Kowane ɗiba da furen da ƙudan ya ci, saboda haka da launinsa da ƙamshinsa. In ka raba su kana da kaya iri biyu ko uku da za ka yi magana a kansu. In ka haɗa, ka zubar da abin da ya bambanta ka da manya.

Mataki na biyu: kai ta gwaji

Akwai ma'aunin da duniya ta amince da shi. Codex Alimentarius, hukumar haɗin gwiwa ta Hukumar Abinci da Aikin Gona da Hukumar Lafiya ta Duniya, ta fitar da ƙa'idar zuma a 1981, ta yi mata babban gyara a 2001, kuma dokokin ƙasashe da dama daga nan suka ɗebo. Abin da ya fi shafar ka a ciki shi ne, ruwan da ke cikin zuma kada ya wuce kashi 20 cikin 100. Furuktos da gulukos, wato manyan nau'o'in sukarin da ke cikin zuma, in an haɗa kada su gaza giram 60 a giram 100, sukuros kuwa, wato irin sukarin rake, kada ya wuce giram 5, sai a wasu nau'o'i ƙalilan da aka keɓe. Akwai kuma sinadarin da ake kira HMF, wanda ke ƙaruwa idan an dafa zuma ko ta daɗe cikin zafi. Iyakarsa miligiram 40 a kilo, amma an ɗaga zuwa 80 ga zumar yankuna masu zafi.

Ruwan kam kai da kanka za ka riƙa aunawa. Sayi rifiraktomita, ɗan ma'aunin hannu ne da ake ɗiga wa zuma a leƙa. Ko da yake doka ta ce 20, ka nemi 18 ko ƙasa, don zumar da ruwanta ya yi yawa tana yin tsami ta yi kumfa ta kumbura murfi, kuma a kan kantar mai shago za ta yi maka haka. Yawanci gaggawa ce ke jawo shi, a ɗebi saƙar da ƙudan bai gama rufewa da kaki ba.

Sauran sai ɗakin gwaje-gwaje. Gwajin da ake kira C4 yana kama sukarin rake da na masara, amma wanda aka yi da shinkafa ko alkama yana wuce shi, shi ya sa masu algus suka koma can, manyan masu saye kuma suka fara neman gwaje-gwaje masu zurfi irin su NMR, wanda ke duba sinadaran zumar da na'urar maganaɗisu. Ga mai talla, gwajin da ya fi amfani shi ne na ƙurar fure, inda ake duba zumar a madubin ƙara girma a gano itatuwa da tsirran da ƙudan ya ziyarta. Wannan takarda ce za ta ba ka damar rubuta sunan fure a kwalba ba da ka ba.

Sai maganar gwaje-gwajen gida da suka cika intanet: a tsoma ashana a ƙyasta, a ɗiga a ruwa a ga ko za ta narke, a zuba a takarda, a ajiye a ga ko tururuwa za ta zo. Ba ɗaya cikinsu da ke tabbatar da komai. Kauri da yawan ruwa kawai suke nunawa, kuma ruwan sukari mai kauri zai tsallake su sarai. Na san bidiyonsu na jan 'yan kallo, amma ban ba ka shawarar ka jingina sunanka da su ba. In ka koya wa mutane cewa ashana ce alƙali, gobe mai jabu zai ƙyasta tasa ta kama, kun zama ɗaya.

Mataki na uku: yankin shi ne jarin

Dubi zumar da ta yi suna a duniya, za ka ga kowacce da wurinta. Zumar sidir ta Yaman, daga itace dangin magarya da kurna, an san ta da kwarin Do'an a Hadramaut. Farar zumar Oku ta dazukan tsaunin arewa maso yammacin Kamaru ta samu rajistar kariyar sunan yanki daga OAPI, ƙungiyar kare haƙƙin mallakar fasaha ta wasu ƙasashen Afirka, a 2013, tana cikin kayan farko da suka samu haka a ƙarƙashin ƙungiyar. Manuka ta Niyu Zilan kuwa darasi ce sukutum. Da can zuma ce da ba a damu da ita ba. Binciken Peter Molan a Jami'ar Waikato tun shekarun 1980, da gano sinadarin da ke ba ta ƙarfin kashe ƙwayoyin cuta da masana a Diresden ta Jamus suka wallafa a 2008, su suka ba masu ita lambar da za su buga a kwalba, mai saye ya gani ya gwada da wata. Wuri da shaida, su suka ɗaga ta.

To kai ma sai ka amsa tambayoyi uku a rubuce, cikin jimla ɗaya ko biyu: ina ne wurin, wane fure ne, su wa ke kiwon? Guji kalmomin da kowa ke amfani da su. "Tatacciya", "ta asali", "ɗari bisa ɗari", duk mai jabu ma su yake rubutawa, har ya fi ka girman harafi. Gara ka ce daga amya kaza a gefen daji kaza, an ɗebo ta a wata kaza bayan itace kaza ya yi fure. Maganar da za a iya binciken ta ita ke sa a yarda.

Wajen suna akwai tarko. A dokokin tambarin kasuwanci na yawancin ƙasashe, da wuya a bar mutum ɗaya ya mallake sunan wuri ko sunan itace shi kaɗai. Masu manuka na Niyu Zilan sun shafe shekaru suna neman a hana 'yan Ostareliya amfani da kalmar, amma a 2023 ofishin rajista na Niyu Zilan ɗin ma ya ƙi amincewa. Saboda haka ka ƙirƙiro sunanka na kanka, gajere, mai sauƙin faɗa a waya, ka yi masa rajista, sannan sunan yankin ya zo a ƙarƙashinsa a matsayin bayani. Kafin ka biya mai zane ko sisi, bincika ko wani ya riga ka a rajista da shafukan sada zumunta. Kare sunan yankin kansa kuwa aikin taro ne, sai masu kiwon wurin sun haɗu a ƙungiya, kuma yana ɗaukar shekaru. Yana da kyau a fara, amma kada ka jira shi.

Mataki na huɗu: kwalba da takardar jikinta

Kwalbar ita ce tallar da ke aiki ko ba ka nan. Gilashi yana nuna launin zuma, yana ɗaga darajarta a ido, amma ga nauyi ga fashewa a hanya. Robar matsawa ta fi sauƙi ga mai amfani kullum, kuma ba abin rainawa ba ce. Robar nan mai siffar ɗan beyar da kamfanin Dutch Gold na Amurka ya fito da ita a 1957 har yau ana gane zuma da ita daga nesa. Idan zumarka mai saurin daskarewa ce, nemi kwalba mai faɗin baki da cokali zai shiga. Ko wacce ka zaɓa, a sa mata hatimin da ke nuna ba a buɗe ba, kuma ka kwantar da guda ɗaya a jaka kwana biyu ka ga ko tana yoyo.

Hattara da awo. Zuma ta fi ruwa nauyi, lita ɗaya tana kai wajen kilo 1.4. Kwalbar da ke cin rabin lita za ta ɗauki kusan giram 700. Da nauyi ake sayar da zuma, saboda haka ka auna a sikeli ka rubuta giram. Da yawa suna rubuta 500 a kwalbar rabin lita, suna kyautar giram 200 ba su sani ba.

Takardar kada ta rufe kwalbar duka, bar wuri a ga zumar. A gaba: suna, yanki, fure, nauyi. A baya: sunan kamfani da adireshi da lambar waya, lambar rajistar hukumar kula da abinci ta ƙasarka, watan ɗiba, ranar da aka fi so a sha kafin ta, da lambar rukuni, wato lambar da ke nuna daga wane durom aka cika kwalbar. Wannan ta ƙarshe mutane na raina ta, za ka ga amfaninta a gaba. In za ka iya, ƙara ɗan tambarin QR da zai kai mutum ga hoton amyar da takardar gwajin wannan rukunin. Duniya ma can ta nufa: a 2024 Tarayyar Turai ta gyara dokarta, ta wajabta wa masu haɗa zuma su jera ƙasashen da ta fito da kason kowacce a jikin kwalba.

Layi biyu kada su ɓace. Na ɗaya, ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma, saboda tana iya ɗauke da ƙwayar Clostridium botulinum wadda hanjin jariri bai isa ya kare kansa daga ita ba. Na biyu, zuma tana daskarewa, kuma hakan ba lalacewa ba ne.

Mataki na biyar: yanke farashi

Haɗa duk abin da kwalba ɗaya ta ci: zumar, kwalba, murfi, takarda, kwali, dako, gwaji, wadda ta fashe, wadda aka bayar ɗanɗano, da ladan aikinka kai kanka, wanda kusan kowa ke mantawa. Sannan ka tambayi masu kantuna da 'yan sari kason da suke ɗorawa, ka yanke farashin kiri yadda kowa zai samu nasa kai ma ka tsira. In ka yanke shi daidai da sayarwa hannu da hannu, ranar da kanti ya nema ba ka da abin rage masa.

Abu biyu nake riƙe da su a nan. Kada ka sayar a shafinka ƙasa da yadda kantin da ke ɗaukar kayanka ke sayarwa, in ya gano zai sauke kwalabenka. Kuma kada ka saba wa mutane da rangwame. Zuma mai araha zargi take jawowa. In kana son kyautatawa, ɗora ƙaramar kwalba ta wani furen a kan babba, ka ga ka yi kyauta ka kuma tallata kaya na biyu. Girma uku ya isa: ƙarama ta gwaji da tsaraba, matsakaiciya, da babba ta gida mai yawa.

Mataki na shida: a ɗanɗana

A nan ya kamata mafi yawan ƙarfinka ya tafi a shekarar farko, domin babu hoton da ya kai cokali ɗaya a baki. Nemi wuri a kasuwar manoma, baje koli, ko bakin kantin da ke sayar da kayanka a ranar da ya fi cika.

Shirin ba wuya. Tebur mai tsabta, ƙananan cokula na amfani sau ɗaya, kwandon zubar da su, ruwan sha, tsumma mai laima don zuma ba ta raina ɗigo, da murfi a kan kowace kwalba saboda ƙuda. Ajiye guntun saƙa a faranti mai rufin gilashi. Mutane da yawa ba su taɓa ganin ta kusa ba, ita za ta tsayar da su, yara su ja iyayensu. Jera zumar daga mai haske zuwa mai duhu, a fara da mai hasken, don mai duhu ta fi ƙarfi, in ta riga shiga baki ta danne sauran. Miƙa cokali, ka yi shiru. Bari mutum ya gama haɗiyewa. Kada ka tambaye shi ko ta yi daɗi, kowa zai ce e don kunya. Tambaye shi wacce ya fi so cikin biyun. Da ya zaɓa, ya riga ya fara ciniki.

Ka kasa kunne ga kalmomin da suke faɗa. Wani zai ce wannan tana da ɗan ɗaci a ƙarshe, wata ta ce waccan ƙamshin fure take yi. Rubuta su, da su za ka yi tallar gaba, sun fi duk abin da za ka ƙago a ofis. Wanda ya saya kuma ka roƙi lambarsa, ka gaya masa dalili: za ka sanar da shi in sabon ɗiba ya fito. Wanda ya ƙi, a bar shi. Wannan jerin lambobi ya fi dubban mabiya a intanet daraja.

Mataki na bakwai: hoto, bidiyo da tallar kuɗi

Waya mai kyamara da hasken rana sun wadatar. Ɗauki kwalba da safe ko da yamma, rana tana bayanta, hasken ya ratsa zumar. Amma kwalba kaɗai ba ta riƙe mai kallo. Aikin ne ke riƙe shi: hayaƙi yana tashi a bakin amya, wuƙa tana yanke kakin da ya rufe saƙa, zuma tana zarara daga matata, ma'auni yana nuna 17. Je wurin ɗiba ka kwashi bidiyo mai yawa a yini ɗaya, ka yanka gajeru-gajeru, zai kai ka watanni. Nuna fuskokin masu kiwon, da izininsu, su yi magana da bakinsu. Kada ka taɓa ɗauko hoton amyar wasu a intanet. Masu kiwo suna ganewa, kuma su ne za su fara tona ka.

Dandali ɗaya ko biyu ka riƙe, inda masu sayenka suke. WhatsApp na ciniki da tsofaffin kwastomomi, Facebook ko Instagram ko TikTok na jawo sababbi. Amsa saƙo da wuri ya fi yawan wallafa amfani.

In za ka biya kuɗin talla, taƙaita ta ga garuruwan da za ka iya kai kaya cikin sauƙi. Fara da kaɗan. Saki talla biyu masu bambanci a abu ɗaya tak, misali hoto daban amma rubutu ɗaya, ka bar su mako guda, ka kashe mai rauni. Kada yawan masu danna alamar so ya ruɗe ka. Lissafin da ke da amfani shi ne nawa ka kashe, mutum nawa suka saya. Raba na farko da na biyu. In abin da ya fito ya fi ribar kwalba, tallar ba za ta biya ba sai in mutumin zai dawo, don haka ka riƙa duba littafi ka ga cikin masu sayen wata uku da suka wuce nawa ne suka sake saye. Kowane sabon mai saye kuma a tambaye shi a ina ya ji labari. Rediyon yanki ma yana aiki, musamman hira da mai kiwo a shirin noma ko na girki, ta fi sanarwar daƙiƙa talatin shiga rai.

Masu tasiri a intanet kuwa, mai koyar da girki da mabiya kaɗan na kusa ya fi tauraron da mabiyansa ke warwatse a duniya. In ka biya shi ko ka ba shi kyauta, ya faɗa a fili. Ƙasashe da yawa sun wajabta hakan, kuma kai da kake sayar da amana ba ka da riba a ɓoye-ɓoye.

Wata 'yar magana ga wanda aka ɗauka aikin: shafuka da lambar waya da hotuna su kasance da sunan kamfanin, a rubuta haka tun farko, tare da abin da za a auna aikinka da shi. Rigima da yawa daga nan take tashi ranar rabuwa.

Mataki na takwas: abin da ba za ka faɗa ba

Jarabar mai tallar zuma ita ce ya mayar da ita kantin magani. Ka riƙe bakinka. Dokokin lakabin abinci, daga na Codex har na Tarayyar Turai da ƙasashe masu yawa, sun hana a ce abinci yana warkar da cuta ko yana hana ta. Ban da doka ma, akwai alhaki. Kusan kashi 80 cikin 100 na zuma sukari ne. Mai ciwon sukari da ya karanta a shafinka cewa taka ba ta tayar da ciwon, ya sha ya kwanta, kai ka jawo. In an tambaye ka, ka ce ya tuntuɓi likitansa. Zumar da ake sa wa rauni a asibiti ma daban take, an kashe ƙwayoyin cikinta ta hanya ta musamman, ba ta kan tebur ba ce.

Kalmar "ɗanya" ba ta da ma'ana guda da kowa ya yarda da ita, don haka in ka rubuta, ka fayyace: ba a ɗumama ta sama da digiri kaza ba. Cikin amya zafi yana kaiwa wajen digiri 35 a ma'aunin Salshiyas, daga nan za ka gane inda iyaka ta dace. "Oganik" kuwa, wato wadda aka samar ba tare da sinadaran zamani ba, sai da takardar shaida. A Turai sharaɗin ya haɗa da duba abin da ke tsiro a kilomita 3 kewaye da amya. In ba ka da takardar, bar kalmar. Haka kuma kada ka kira sunan wani kamfani ka ce tasa jabu ce, ko da kana zargi. Ka nuna takardarka, ya isa.

Mataki na tara: shiga kantuna

Fara da uku zuwa biyar waɗanda za ka iya zagayawa da ƙafarka. Je da kwalba, da cokali, da kwafin takardar gwaji, da takarda ɗaya mai farashin sari. Ku yi magana a fili kan ranar biya, da wanda zai ɗauki asarar abin da ya fashe. In kaya za ka ajiye sai an sayar a biya ka, kada ka zube da yawa, kuma a sa hannu kan adadi. Roƙi a ɗora kwalaben daidai ido, nesa da taga, don rana tana duhunta zuma ta ɗaga HMF ɗinta. Duk zuwa ka goge ƙura ka juyo takardun gaba. Manyan kantuna za su nemi lambar sanduna ta GS1, wato layukan nan da na'urar kanti ke karantawa a jikin kaya, su kuma jinkirta biya, saboda haka sai jarinka ya yi ƙwari. Otal-otal, gidajen abinci da masu gasa burodi suna saye da yawa amma sunanka ba ya fita, sai in kun shirya su rubuta shi a takardar abincinsu. Kamfanonin da ke raba kyauta ga ma'aikata a lokutan bukukuwa kasuwa ce mai kyau, amma watanni kafin lokacin ake zuwa musu.

Mataki na goma: tafi da kalandar ƙudan

Shekarar talla ta bi shekarar amya. Lokacin fure, nuna furen. Ɗiba ya matso, sanar da mutanen jerinka su riga kowa, su yi oda. Ranar 20 ga Mayu ita ce Ranar Ƙudan Zuma ta Duniya, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana a 2017 bisa shawarar ƙasar Silobeniya, kuma 'yan jarida na neman wanda za su yi hira da shi a ranar, ka kai kanka tun da wuri. Gayyatar 'yan makaranta ko manyan kwastomomi su ga wurin kiwo, da rigar kariya, tana haifar da labarin da za su yi ta bayarwa. In kuma wani nau'i ya ƙare, rubuta ƙarara cewa ya ƙare sai ɗiba mai zuwa. Mutane suna ganin haka su ƙara yarda, don sun san zumar gaske tana da iyaka.

Mataki na ƙarshe: ranar da aka kawo ƙara

Za a kawo. Mafi yawa a kan daskarewa ne, wani zai kira rai a ɓace ya ce ka sayar masa da sukari. Kada ka yi fushi, bayani yake buƙata. Gulukos ne ke fita daga ruwan ya zama ƙanƙara-ƙanƙara. Zumar da gulukos ɗinta ya yi yawa tana yi cikin makonni, mai yawan furuktos tana daɗewa, kuma abin ya fi sauri a wajen digiri 14. Ya tsoma kwalbar a ruwan ɗumi da bai wuce digiri 40 ba, za ta narke. Ka yi bidiyon wannan tun kafin a tambaya, ka ajiye shi a waya don turawa. In zumarka mai saurin daskarewa ce ƙwarai, kana iya mayar da abin kaya na musamman: a sarrafa daskarewar ta fito lukwi mai laushin shafawa, hanyar da Elton Dyce ya inganta a Jami'ar Cornell a shekarun 1930.

Wani zai ce launin bana ba irin na bara ba ne. Amsarsa tana jikin kwalba, watan ɗiba da fure.

Ƙarar da za ka ɗauka da gaske ita ce ta tsami, ko warin giya, ko murfi ya kumbura. A nan lambar rukuni ke aiki. Daga kowane durom ka riƙa ajiye kwalba ɗaya a rufe, da lambarta da ranarta. In ƙara ta zo, tambayi lambar, ɗauko taka, buɗe, shinshina, auna ruwan. In taka lafiya take, wataƙila an tsoma jiƙaƙƙen cokali ne ko an bar murfi a buɗe, don zuma tana jan laima daga iska. Ka musanya masa duk da haka, ka gaya masa dalili cikin ladabi. In taka ma ta yi tsami, duba littafi ka ga kantuna da mutanen da suka karɓi wannan lamba, ka kira su kai da kanka kafin su kira ka, ka janye kwalaben, ka mayar da kuɗi ko ka canza, sannan ka koma wurin wanda ya kawo durom ɗin da ma'auni a hannu.